Ƙungiyoyin da ke zuwa New York da sunan marasa lafiya, me suka taɓa karɓo mana?

MaiJinyarMama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina jinyar mahaifiyata, ciwon suga da hawan jini, bara kuma aka ce ƙoda ta fara taɓuwa. Ni ke yi mata allurar insulin safe da dare. Ina da ɗan littafi da nake rubuta awon sugarta a ciki, yanzu ina kan na shida. Jiya bayan na yi mata allurar dare ina duba waya, sai na ci karo da labarin taron da aka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumbar 2025 kan cututtukan da ba a ɗaukarsu da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga hotunan 'yan ƙungiyoyin farar hula riƙe da kwalaye. Ashe wannan ne karo na huɗu, an yi a 2011, 2014 da 2018. Wato biyu daga ciki an yi su ina tsaka da wannan jinyar, ban ko ji ƙishin-ƙishin ba.

Tambayata tsakani da Allah, ba don raini ba: waɗannan mutanen da ke cewa da yawunmu suke magana, me suka karɓo? Akwai wani abu guda da za a nuna a ce fafutukarsu ce ta kawo shi, har ya iso hannun mara lafiya?

Tauraruwar_Asuba:
Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da aljanna. Wallahi tambayar da ke cina ke nan tun da mijina ya samu shanyewar ɓarin jiki.

MalaminLafiya:
Amin. 'Yar'uwa tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta ita ce akwai, amma sai an waiwaya baya kaɗan kafin a gani. Ki dubi abin da ya faru da cuta mai karya garkuwar jiki. Kafin 2001, maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dala 10,000. A Afirka ta Kudu masu ɗauke da cutar suka kafa ƙungiyar TAC a 1998, jagoransu Zackie Achmat ya ƙi shan maganin da yake da halin samu, ya ce sai talaka ma ya samu. Kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin ƙasar kotu kan dokar da ta ba ta damar nemo magani mai rahusa. 'Yan fafutuka suka yi musu caa a titi da jaridu har suka janye ƙarar a Afrilun 2001. A shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, a shekarar ce kuma aka fitar da sanarwar Doha da ta tabbatar wa ƙasashe haƙƙinsu na fifita lafiyar jama'a a kan haƙƙin mallakar magani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama.

Masu fafutukar ciwon suga da zuciya da kansa wannan hanyar suka so bi. Shi ya sa suka haɗe a 2009 suka kafa NCD Alliance, wato gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cututtukan da ba a ɗaukarsu, don su daina zuwa kowa da ƙoƙon bararsa.

Dattijo57:
Malam, ka ba da labarin wata cutar, ita kuma yarinyar nan kan tamu take tambaya. Ni shekara 20 ina shan maganin hawan jini. Masu ƙanjamau da aka yi musu taro a 2001, shekara na zagayowa aka kafa musu asusun duniya, kuɗi suka biyo baya. Mu da aka yi mana namu a 2011, me ya biyo baya? Takarda. Cututtukan nan su ke cin kusan kashi uku cikin huɗu na rayukan da ake rasawa a duniya, mutum sama da miliyan 40 duk shekara, amma rabonsu a tallafin lafiya na ƙasa da ƙasa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. An yi alkawarin rage mutuwar wuri da kashi 25 cikin 100 kafin 2025, shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Yanzu ana maganar kashi ɗaya cikin uku kafin 2030, kuma yawancin ƙasashe ba su kama hanya ba.

MalaminLafiya:
Baba, ban musa ko ɗaya ba. Alƙalumanka daidai suke.

Abu_Hafsa:
Ai dama tsarin Turawa ne, cutar masu ƙiba da jin daɗi ce ta dame su suka kira taro.

Sista_Bilki:
Abu Hafsa, a nan kam ka yi kuskure biyu. Na farko, ƙananan ƙasashen yankin Karebiyan ne suka ja gaba. Shugabanninsu sun zauna a Port of Spain a 2007 saboda suga da hawan jini na cinye musu jama'a, su ne kuma suka matsa har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda a yi taron 2011. Na biyu, sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda cututtukan nan ke kashewa kafin su kai shekara 70 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wanda nake gani an kawo ƙafa ta ruɓe saboda suga, ko an kawo shi baki ya karkace da asuba, galibi ba mai jin daɗi ba ne. Mutum ne da bai taɓa sanin jininsa ya hau ba sai ranar da ya faɗi.

Ga MaiJinyarMama kuma, abu guda da zan iya nuna miki da yatsa shi ne taba sigari. Yarjejeniyar yaƙi da taba da aka amince da ita a 2003, ta fara aiki a 2005, ƙasashe sama da 180 suka shiga. Ita ba sanarwa ba ce, doka ce da ke hawa kan ƙasar da ta tabbatar da shigarta a hukumance. Lokacin da ake tattauna ta, ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama sun tare a Geneva, kullum da safe sai su fitar da 'yar takarda, su yaba wa ƙasar da ta tsaya tsayin daka, su kunyata wadda ta yi wa kamfanonin taba aiki. Hana tallar sigari, hoton gargaɗi a jikin kwali, hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a, duk daga nan suka yaɗu. Akwai ma sashe na 5.3 da ya ce kada a bar kamfanin taba ya sa baki a tsara manufofin lafiya. Kamfanin taba na Philip Morris ya kai Uruguay ƙara a 2010 kan dokokinta, ya sha kaye a 2016.

Dattijo57:
Wannan na yarda da shi, Sista. Amma hana abu ya fi arha a kan samar da abu. Hana talla ba ya cin kasafin gwamnati, sayen insulin kuwa yana ci.

ƊanSikila:
Ku yi haƙuri in shigo da namu kukan. Lokacin da suka zauna a 2011, cututtuka huɗu suka zaɓa: zuciya, kansa, suga da cututtukan huhu. Suka haɗa su da dalilai huɗu: taba, barasa, rashin cin abinci mai kyau da rashin motsa jiki. To ni da aka haife ni da sikila, wanne daga cikin huɗun nan na aikata? Ko yaron da ciwon maƙogwaro ya lalata masa zuciya? Ko jaririn da ya kamu da suga nau'i na ɗaya? Tsarin ya nuna kamar kowa shi ya jawo wa kansa. Sai da wasu likitoci da masu bincike suka yi ta nanata cewa cututtukan mafi talauci daban suke, kafin a 2022 ministocin lafiya na Afirka su amince da tsarin PEN-Plus a Lome, wanda ya ce a riƙa kula da sikila da suga nau'i na ɗaya da wannan ciwon zuciyar a asibitocin gunduma, ba sai an tafi babban asibiti ba. Shekara 11 muna bakin ƙofa. Don haka in an ce ƙungiyoyi na magana da yawun marasa lafiya, ni tambayata ita ce waɗanne marasa lafiyar.

Na_Samu_Sauƙi:
ƊanSikila, mu ma a bakin ƙofar muka tsaya tare da ku. Ban cika faɗa ba, amma na yi fama da ciwon damuwa mai tsanani kusan shekara uku. Akwai watannin da wanka kaɗai yake zame mini kamar ɗaukar dutse. Ina kwance ina jin motsin mutane a waje, ina so in tashi, jikin ya ƙi. Gida aka ce lalaci ne, wasu suka ce raunin imani. Ranar da wata likita ta ce mini cuta ce mai suna kuma tana da magani, na yi kuka a gabanta.

A taron 2011 ba a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin manyan huɗun ba. Alhali mutum sama da biliyan ɗaya ne ke fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, sama da 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma abin da gwamnatoci ke ware mata a kasafin lafiya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba a tsaka-tsaki.

Tauraruwar_Asuba:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kenan sai a 2025 aka fara saka ta?

Na_Samu_Sauƙi:
Amin, na gode. A'a, a taron 2018 aka ƙara ta, tare da gurɓatar iska, huɗu suka koma biyar. Abin da ya bambanta 2025 shi ne ta shiga sunan taron kansa, aka kuma sa mata adadi: ƙarin mutum miliyan 150 su samu kulawa kafin 2030. Haka aka sa wa hawan jini, ƙarin miliyan 150 da jininsu zai daidaita, da kuma rage masu shan taba da miliyan 150.

Amma abin da ya fi taɓa ni ba adadin ba ne. A ƙasashe da dama, dokar da aka gada tun zamanin mulkin mallaka ta ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba, mai laifi ne. Ka fito daga bakin mutuwa a miƙa ka ga 'yan sanda. Wa zai nemi taimako a haka? Ƙungiyoyi da likitoci da lauyoyi suka yi ta bibiya, Singafo ta soke a 2020, Pakistan a 2022, Ghana da Malesiya a 2023, a Kenya kuma kotu ta rushe sashen a farkon 2025. 'Yar'uwa MaiJinyarMama, wannan wani abu ne da ya iso hannun mara lafiya kai tsaye.

Abu_Hafsa:
Sista Bilki, na karɓi gyara. Amma a maganar ƙwaƙwalwa har yanzu ina da shakka. Tsorona kada a mayar da kowane baƙin ciki cuta don a sayar mana da ƙwaya. Mutum ya rasa aiki, ko ya yi rashi, ai dole ya shiga damuwa.

Na_Samu_Sauƙi:
Tsoronka ba na banza ba ne, kuma cikin 'yan fafutukar kansu akwai masu faɗin haka da ƙarfi, musamman waɗanda aka taɓa tsarewa a asibiti ba da son ransu ba. Su ne suka dage a yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006 cewa kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2020 kan ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Waɗannan ba ƙwaya suke nema a sayar ba, sarƙar suke so a kwance.

Ka duba kuma abin da Dakta Dixon Chibanda ya yi a Zimbabuwe. Tsofaffin mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar ƙaramin asibiti, mai damuwa ya zo ya zauna, su saurare shi, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. An gwada tsarin a binciken da aka wallafa a 2016, ya yi aiki, wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Baƙin cikin rashi daban, cuta daban, kuma ba kowace cutar ce sai da ƙwaya ba. Ni dai tawa ta buƙaci duka biyun.

Mai_Bin_Diddigi:
Ba wanda ya taɓo maganar kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Wa ke biya wa 'yan ƙungiyoyin nan kuɗin jirgi da masauki a New York da Geneva? Da yawa daga cikin manyan suna karɓar tallafi daga kamfanonin magani, ba ma ɓoyewa suke ba, yana rubuce a rahotanninsu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Za su iya ɗaga murya kan taba da barasa, amma in aka zo farashin magani sai muryar ta yi ƙasa. Ku dubi insulin. An gano shi a Toronto a 1921, waɗanda ke da haƙƙin mallakarsa suka miƙa wa jami'a a kan dala ɗai-ɗai don kowa ya samu. Yau bayan shekara 100, kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa. Ƙungiyar da na ga ta fi tsaya musu a wuya ita ce T1International, ta masu suga nau'i na ɗaya, kuma ita ta yanke cewa ba ta karɓar ko sisi daga kamfanin magani. Ba na jin haɗuwar abubuwan biyu katari ne.

MalaminLafiya:
Akwai gaskiya a maganarka, amma kada a yi musu kuɗin goro. Kamar yadda Baba ya faɗa, masu ba da tallafi sun juya wa fannin baya, to ƙungiyar da ke son ta kai wakili zauren taro ina za ta nufa? Kuma in da duk 'yan amshin shata ne, da ba a farauce su ba. A Meziko, bayan an sa harajin peso ɗaya a kan kowace litar lemon kwalba a 2014, masu fafutuka suka nemi a ninka shi. A 2016 aka riƙa turo wa uku daga cikinsu, har da wani masanin cibiyar lafiyar ƙasar, saƙonnin waya masu ɗauke da manhajar leƙen asiri ta Pegasus. Masu bincike na Citizen Lab ne suka bankaɗo a 2017. Mutumin da maganarsa ba ta da tasiri ba a kashe kuɗi a bibiye shi haka.

Mai_Bin_Diddigi:
Kuma duk da haka a sanarwar 2025 an cire maganar harajin lemon kwalba da ke cikin daftarin farko, na taba da barasa kuma aka mayar da shi shawara, ƙasa ta duba in ta ga dama. A ranar taron ma Amurka ta ƙi amincewa, sai daga baya aka kaɗa ƙuri'a sanarwar ta wuce.

Hajiya_MaiKansa:
Bari in faɗi abin da idona ya gani. Na yi kansar mama, an cire mini guda, yau shekara shida. Wata ƙungiya ta taɓa gayyata ta wani taro a ƙasar waje don in yi magana a matsayin wadda abin ya shafa. Na kwana uku ina rubuta abin da zan faɗa. Aka ba ni minti uku, akwai wata fitila a gabana da ke canja launi in lokaci ya ƙare. Na faɗi yadda gashina ya zube a hannuna a banɗaki, da yadda na tsallake zagaye biyu na magani saboda babu kuɗi. Mutane suka share hawaye, aka tafa. Da na sauko na tambayi wata jami'a yaushe za a saka abin da muka faɗa a takardar, ta ce ai an rufe rubutun tun makonni da suka wuce.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ban fasa ba, don na fahimci inda aikin yake. Ba a zauren da ake tafi yake ba, yana can watanni kafin nan, lokacin da jakadu ke jayayya kan kalma ɗaya, a rubuta “za mu yi” ko a rubuta “za mu duba yiwuwar yi”. Masu bin wannan layi-layi, suna kiran ma'aikatun lafiya suna cewa kada ku bari a goge sakin layi kaza, su ne ke aikin, kuma ba a ɗaukarsu hoto. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yadda za a riƙa sa marasa lafiya cikin tsara manufofi tun daga farko. Ko ana binsa, wannan sai mu da kanmu mu sa ido.

MaiJinyarMama:
Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, maganarki ta shige ni. Na karanta duka, na kuma ƙaru, musamman batun taba da na dokar kashe kai. Amma ku yi haƙuri in dawo inda na fara. Insulin ɗin Mama fa? Akwai watan da na zagaya kantunan magani biyar ban samu irin nata ba, na dawo na zauna a bakin gadonta ina lissafin ko in rage mata adadin don ragowar ta kai mu. Ban rage ba, amma na yi tunanin. Wace takarda ce ta yi magana kan wannan daren?

Sista_Bilki:
Kin yi daidai da ba ki rage ba, kuma don Allah ko ya sake faruwa kada ki rage ko ki canja nau'i sai kin yi magana da likitanta, balle da ƙoda ta shigo ciki. Takardu kam akwai. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya ce muhimman magungunan cututtukan nan su samu a kashi 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya. A 2021 aka ƙara insulin mai daɗewa a jiki cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2022 ƙasashe suka amince cewa kafin 2030 duk mai suga nau'i na ɗaya ya samu insulin da abin awo a farashin da zai iya, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gano suna da suga kuma sugarsu ta daidaita. Sai dai ba mai kama minista don bai cika ba. Ni ina kallonsu kamar takardar bashi ce da aka sa wa hannu. Ba ta biyan kanta, sai mai bin bashin ya je da ita ƙofar wanda ake bi, lokacin da ake tsara kasafi da lokacin da ake rubuta magungunan da inshorar lafiya za ta ɗauka.

Dattijo57:
To ai nan ne matsalar, 'yata. Masu ƙanjamau matasa ne, da ƙarfinsu da fushinsu suka cika titi. Mu kuwa tsofaffi ne da masu jinya irin yarinyar nan, wadda ko barci ba ta samu. Wa zai kai takardar bashin?

ƊanSikila:
Ba duka tsofaffi ba, Baba. Ni shekarata 26. Matsalarmu kowa na layinsa a asibiti, mai sikila ranarsa daban, mai suga ranarsa daban, ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba.

Na_Samu_Sauƙi:
MaiJinyarMama, wata tambaya da ba wanda ya yi miki. Shekara tara kina wannan aikin, ke ya kike? Kina samun barci? Akwai mai karɓarki ko na kwana ɗaya?

MaiJinyarMama:
Ɗan'uwa, ka sa na daɗe ina kallon wayar ban rubuta komai ba. Ƙanena yana karɓa ta wani lokacin in yana gari. Barci kuwa rabi-rabi ne, don ina tashi ƙarfe uku in taɓa goshinta in ji ko tana gumi, tsoron kada sugar ta faɗi tana barci. Ranar Talata muke da ganin likita. Muna kai mu talatin a layin, wasu fuskokin na san su shekara da shekaru amma ban san sunansu ba. Hajiya, ƙungiyar da kika fara shiga, mutum nawa kuka fara, kuma me kuka fara nema?